Yadda ake tantance labaran mu'ujiza na cikin Linjila kafin a shiga gardama

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan, a unguwar Masalma ta Omdurman a Sudan, wani Baƙibɗe, wato Kirista ɗan cocin Ƙibɗawa, mai kantin magani ya ba ni kunya ba tare da ya ɗaga murya ba. Muna zaune wurin mai shayi, jabana, wato gahawar Sudan, tana tururi, na ce masa ai littafinsu duk an jirkita shi. Ya ajiye finjalinsa ya ce, "Ya ustaz, wace aya, a wane ƙarni?" Na yi ta kame-kame, ni da nake karantar da ɗalibai ilimin isnadi. Daga ranar na fara bin abin da kaina, kuma hanyar da na bi ita nake nuna wa samarinmu a nan Gadarif, inda yaƙin 2023 ya dawo da ni.

Fara da raba tambaya biyu. Ko Annabi Isa, alaihis salam, ya yi mu'ujiza, wannan mu Musulmi ba ma ja. Abin dubawa shi ne ruwayar: wa ya rubuta, yaushe, daga bakin wa ya ji. Sai ka nemi littafin kansa, ba abin da wani ya tsakuro a Facebook ba. Fassarar Larabci ta Fandaik ta 1865 ce ta fi yawa a hannun mutane a nan, Hausa kuma ta samu cikakkiyar fassara tun 1932, amma ka nemi sabon bugu mai hashiya a ƙasan shafi. Rabin aikin a hashiyar yake.

Riƙe shekaru a kanka. Linjila huɗu ce a littafin, kuma galibin masana suna sa ta Markus wajen shekara ta 70 miladiyya, Matiyu da Luka tsakanin 80 da 90, Yohanna kusa da 100. Al'amuran kuwa wajen shekara ta 30 suka faru. Da Girkanci aka rubuta su, alhali Isa Aramiyanci yake ji, shi ya sa Markus ya bar "Talita kumi" yadda take sannan ya fassara. Wasiƙun Bulus, babban mai wa'azin Kiristanci na farko-farko, sun girmi dukkansu, daga shekarun 50 suke, kuma yana maganar tashin Isa daga matattu da mutum sama da 500 da ya ce sun gan shi, amma bai kawo labarin warkar da makaho ko kuturu ko ɗaya ba.

Yanzu ɗauki takarda ka ja layi huɗu, kowace Linjila da gidanta, ka ɗauki labari ɗaya ka rubuta yadda ya zo a kowane gida. A nan daɗin aikin yake. Ciyar da mutum 5,000 ya zo a duka huɗun. Tafiya a kan ruwa tana cikin Markus da Matiyu da Yohanna, Luka bai kawo ta ba, kuma Matiyu kaɗai ya ce Bitrus, almajirin Isa, ma ya taka ruwan. Mai aljannun da aka kora cikin aladu mutum ɗaya ne a Markus 5, a Matiyu 8 su biyu ne. Sunan garin ma kwafe-kwafen sun sha bamban: Garasa, wato Jarash ta Jodan a yau, tana da nisan kusan kilomita 50 daga Tafkin Galili, ga shi labarin ya ce aladun sun gangara sun faɗa ruwa. Ta da Li'azaru bayan kwana huɗu a kabari Yohanna kaɗai ya ruwaito. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Matiyu 27:52-53, inda kaburbura suka buɗe, salihan da suka mutu suka tashi suka shiga Ƙudus mutane suna ganinsu, amma sauran ukun ko tari ba su yi ba. A wurinmu hadisin da ya kamata gari guda ya ruwaito, sai mutum ɗaya ya zo da shi, ai sai a dakata.

Ka tuna kuma Matiyu da Luka, a ra'ayin mafi yawan masana, daga Markus suka ɗebo. Ruwaya uku masu komawa ga shehi ɗaya ba mutawatiri ba ce, wato wadda jama'a da yawa suka ruwaito ta hanyoyi daban-daban.

Sai ka sauka hashiya. Markus 16:9-20, inda ake maganar ɗaukar macizai da shan dafi, babu shi a manyan tsofaffin kwafi biyu na ƙarni na 4, na Fatikan da na Sina'i, wanda wani masani Bajamushe, Tishendof, ya gano a gidan ibadar Santa Katarin a 1844 da 1859. Haka Yohanna 5:4, mala'ikan da ke motsa ruwan tafkin Baitasda. Ga amsar "wace aya" da na rasa a Masalma. Sai dai ka lura, malaman Kirista da kansu suka tono waɗannan suka buga a littafinsu, ba asiri ka bankaɗo ba.

Kada zumuɗi ya ɗebe ka. Tafkin Baitasda ɗin nan an haƙo shi a Ƙudus, kusa da cocin Santa Ana, aka ga tafki biyu ne a haɗe, abin da ya yi daidai da shirayi biyar da Yohanna ya ambata. Masu adawa da Isa ma ba su ce bai yi komai ba: a Markus 3:22 cewa suka yi da sarkin aljannu yake aiki, Kelsus kuma, wani masanin falsafa mai sukar Kiristanci, a ƙarni na 2 ya ce sihiri ya koyo a Masar. Shi ya sa masana tarihi da yawa, har marasa addini, suka yarda mutanen zamaninsa sun san shi da warkarwa.

Abin da samari ba sa son ji shi na bari ƙarshe. Awon da ka ɗauka, da shi za a auna ka. Hujjar masanin falsafa Dauda Hiyum ta 1748, cewa kuskuren mai ba da labari ya fi yiwuwa a kan a ce al'adar halitta ta karye, ba ta bar mu'ujizar kowa ba. Tsuntsun yumɓu da ke cikin Ali Imrana aya ta 49 ba ya cikin Linjila huɗun, yana cikin wani littafi na ƙarni na 2 kan ƙuruciyar Isa da ake jingina wa Toma. Da na koma wa mai kantin da takardata mai layi huɗu, wannan ya fara tambayata. Na ce masa ni ta wahayi na karɓa, ba ta Toma ba. Ya yi murmushi ya ce shi ma Li'azaru haka ya karɓe shi, ya kira mai shayi ta ƙaro mana jabana da citta.