Yadda za ka yi in ka tono kayan mutanen zamanin da wajen haƙa fandisho

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan leburori suna haƙa fandisho ko shadda a cikin tsohon garin Sakkwato ya san ƙasa tana fitar da abubuwa, tsingaro, kuɗin wuri, gululun mazari, dutsen niƙa, wani lokaci har kashin ƙarfe, wato dattin da ke saura in an narka ƙarfe. Tun 1809 da Muhammadu Bello ya kafa garin nan mutane ke sana'a suna zubar da shara, to sharar nan ita ce kake tonowa.

Da farko ka ce a dakata da diga. Eh na sani kuɗin yini kake biya, amma minti 20 ba zai talauta ka ba.

Kafin kowa ya taɓa, ɗau hoto da waya abin yana kwance inda yake, ka aje biro kusa da shi don a gane girmansa, sannan ka auna zurfi daga bakin rami. Nan ne kowa ke faɗuwa, har ni. Karon farko na kwashe komai na zuba cikin bokiti guda, yara suka wanke tas da omo, wai mun yi gyara. Ashe mun kashe maganar. Gululu guda ba ya nuna komai, amma ka samu goma wuri ɗaya kusa da toka da fasassun tukwane, to ka san matan gidan suna kaɗi sosai, ƙila har na sayarwa. Kashin ƙarfe da gawayi a zurfi guda, maƙera ce. Kuɗin wurin da ke can ƙasa da kuma kwabon Bature da ke sama ba zamaninsu ɗaya ba, Turawa sai 1903 suka ci garin nan. In ka gauraya su shikenan, ba mai iya raba maka. Baƙin da ke manne cikin tukunya kuwa shi ake dubawa a gane abin da aka dafa, don Allah kar a kankare.

Kowane zurfi da ledarsa, ka rubuta a takarda ka jefa ciki. In da danshi bar bakin ledar a buɗe. Ni ledar fara nake so, baƙar ba ka ganin ciki.

Daga nan ka kai gidan tarihi na Waziri Junaidu ko sashen tarihi na jami'ar Ɗanfodiyo tare da hotunan. Masu zuwa su ce za su saya kar ka kula su.