Kurakuran da mutanenmu ke tafkawa wajen kama haya da sayen fili a Ikko

Damina ta bara wani yaron shagona ya kira ni tun kafin kiran assalatu, muryarsa na rawa, wai "Alhaji ruwa ya shigo mana har gwiwa, katifa da buhun shinkafa duk sun tafi, ga maijego da jariri a kan tebur." Ɗakin nan a bayan kasuwar Mile 12 yake, kuma a watan Janairu ya kama shi, lokacin ko'ina a bushe ƙura na tashi. Daga nan zan fara, duk da dai abin da ya fi ci min rai yana gaba.

Kada ka kama ɗaki ko ka sayi fili a Legas da idon rani. Mu mun saba da ƙasa mai shanye ruwa, nan kuwa gari ne da ke zaune a kan fadama da bakin teku, Yuni da Yuli sama ba ta ɗagawa, sannan wajen Satumba zuwa Oktoba idan aka saki ruwan dam ɗin Oyan sai kogin Ogun ya cika ya tumbatsa, su Agiliti da Owode da Isheri da Kara duk sun san wannan. In dole ne sai da rani za ka duba wuri to ka kalli gindin bango, ruwa ba ya ɓoye sawunsa, zaka ga wani layi baƙi-baƙi ko fenti sabo daga ƙasa zuwa ƙugu kawai. Ka kalli ƙofofin maƙwabta, in kowa ya ɗora bulo biyu uku a bakin ƙofarsa sai an tsallaka ake shiga, ai ka samu amsa. Kuma kar ka tambayi ejan, wato dillalin gida, shi la'adarsa yake nema. Ka zauna teburin mai shayin layin ko ka tsayar da mai ruwa da kurarsa, su suka san inda ke nutsewa da inda rijiyar burtsatse ke ba da ruwa ja mai ƙarnin ƙarfe.

Sai maganar nisa, a gurguje. Mutum na sana'a a Alaba Rago ko Apapa ya je ya kama ɗaki a Ikorodu don ya fi araha, abin da ya rage a haya ya ƙare a kuɗin mota, ga gosulo, yara ba sa ganinsa sai ranar Lahadi. Ka gwada hanyar da safiyar Litinin kafin ka biya. Wanda ke Agege yanzu yana da jan jirgin ƙasa da ya fara aiki a 2024, daga Agbado har Oyingbo, wannan abin sawa a lissafi ne.

A wajen haya kuwa kuskuren da ya fi yawa shine biyan kuɗi ba tare da ka ga mai gidan ido da ido ba. Ejan ya nuna maka ɗaki ciki da falo, yace mutum uku na layi in baka ba da kafin alƙalami yau ba ya wuce ka, kai kuma ka tura masa a asusunsa, ranar tarewa ku haɗu ku huɗu kowa da mukullinsa. Wallahi na ga wannan da idona a Idi-Araba, dattijo da iyalinsa da kaya a mota. Ka nemi ganin mai gida ko lauyansa, ka tambayi waɗanda ke zaune a gidan wa suke biya, kuɗi kuma ta banki da sunan mai gidan, a baka rasit mai ɗauke da kwanan wata da adadin watannin da ka biya. Ejan na gaskiya yana da rajista da hukumar LASRERA mai kula da harkar gidaje da filaye ta jihar, ba laifi bane ka tambaye shi. Ka sani kuma bayan kuɗin haya akwai na ejan da na yarjejeniya, yawanci kashi 10 kowanne, ga wani kuɗin ajiya na ko-ta-kwana, a rubuta cewa za a dawo maka da shi ranar tashi. Dokar haya ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara 1 daga sabon ɗan haya, banda su Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA da dokar ta cire, kuma mai biyan shekara-shekara notis ɗin wata 6 yake da shi in ba wani abu daban kuka sa wa hannu ba. Shi yasa ake karanta takarda kafin a dangwala. Ka duba mita ma, kar ka gaji bashin wutar wanda ya tashi.

To yanzu fili, inda hawaye yake.

A gida in za ka sayi fuloti, dillali ne da mai unguwa da shaidu biyu, a rubuta a takarda ɗaya a shafa fatiha, Allah ya sa albarka, shikenan, kuma sau da yawa ya zauna don kowa ya san kowa. Wannan yardar muke ɗaukowa mu kawo Ikko, ita ke kashe mu. Nan fili yawanci na dangi ne, gado tun kaka da kakanni, waɗanda Yarbawa ke ce wa omo onile wato 'ya'yan masu ƙasa. In mutum ɗaya daga cikinsu ya sayar maka ba tare da shugaban dangin da manyan gidan sun sa hannu ba, gobe wani ɓangaren zai zo yace bai san zance ba, ka sake biya ko ka tashi. Wani baban abokina mai harkar shanu a Oko-Oba, mutum mai tsoron Allah, sau biyu ya biya kuɗin fili ɗaya, da ya kawo tifar yashi aka tare wai kuɗin fandisho, da ya zo zuba rufin kankare wani kuɗin, har ya rasu ginin bai wuce linta ba. Tun 2016 akwai dokar jihar da ta haramta irin wannan ƙwace da tatsa, amma doka tana taimakon mai takarda ne, shi kuma abin da ke hannunsa rasit ne guda na dangi.

Abin da ya kamata kafin sisinka ya fita: ka ɗauki lauyanka na kanka, kar ka yarda da na mai sayarwa ko da ya rantse maka da abin da yake bauta wa. Ka ɗauki safiyo, wato ma'aunin filaye, mai rajista ya je filin ya ɗauki lambobin wurin, a kai ofishin babban safiyon jiha a duba ko gwamnati ta riga ta karɓe wurin don titi ko wani aiki. Lauya kuma ya bincika rajistar filaye a Alausa, sakatariyar gwamnatin jihar, ko takardar da aka nuna maka ta gaske ce, ko an jinginar da ita a banki. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamna take, takardar shaidar mallaka ta C of O aro ce na shekara 99, idan kuma wanda ya sayar maka yana da ita to kai sai ka nemi amincewar gwamna kafin cinikin ya tabbata da sunanka. Wuraren da gwamnati ta saki wa dangi ana buga su a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, ka ce a nuna maka, safiyo ya tabbatar filinka na ciki ba a gefensa ba. In aka ce maka "takarda na kan hanya" ka riƙe kuɗinka har ta iso. Na san mutanenmu na ƙyashin kuɗin lauya, mutum ya zuba miliyoyi a ƙasa amma ya ji nauyin ɗan abin da zai tsare masa su, wannan abin na bani takaici matuƙa.

Wani abu da ba a lura da shi, da yawa daga filayen da ake tallatawa da sunan Legas ba a Legas suke ba. Da ka wuce Berger a hanyar Ibadan ka haye doguwar gada, su Arepo, Magboro, Ibafo da Mowe duk jihar Ogun ce, haka Sango Ota da Akute, takardunsu a Abeokuta ake bincika. Ba aibu bane saye a can, amma ka san inda ka saya. Ka kuma sa a auna a gabanka, cikakken fuloti a nan ƙafa 60 ne da 120. Ka nisanci bakin kwata babba da ƙarƙashin manyan wayoyin wuta komai araha, ranar da aka shafa jan fentin rusau a bango ba wanda zai tsaya maka. Da ka biya ka zagaye da katanga ka sa wani a ciki ko da mai gadi ne, fili a buɗe sake sayar da shi ake, sannan ka nemi izinin gini kafin ka ɗora bulo.

Na ƙarshe kuma tsakaninmu ne, ba ruwan Bayarabe. Mutum ya sayi gida a Agege da sunan ubangidansa ko amininsa don shi ya san gari, ko ku uku ku haɗa kuɗi a rubuta sunan ɗaya, ba shaida ba rubutu, wai ai 'yan uwa ne. Rai ya yi halinsa, magada na Kano ko Sakkwato ko Katsina ba su ma san layin da gidan yake ba, su zo su tarar da wani na karɓar haya. Ka sa sunanka kamar yadda yake a katinka na ɗan ƙasa, in tarayya ce a rubuta kason kowa a cikin takardar cinikin. Ka yi hoton takardun ka aika gida wa babban ɗanka ko wanka, uwargida ma ta san inda na ainihin suke, ka kuma kai mutum biyu daga masallacinku su ga wurin da ƙafarsu, su san lauyan da ya yi aikin da lambar wayarsa.