Kafin ka ce wa mai aski ya yanka

'Yan uwa, mai son sauya fasalin gemu ya fara barinsa ya yi sati 4 zuwa 6 bai taɓa ba. Sai ya cika za ka gane inda gashinka ke da kauri da inda yake tsilli-tsilli. Da yawanmu kumatu ne ke ba mu kunya.

In fuskarka zagayayya ce, rage gefe, ka bar na haɓa ya ɗan sauko, zai ja fuskar ta yi tsawo. Mai doguwar fuska kuwa, saje mai kauri ya fi masa. Wanda nasa bai haɗe ba, kada ya tilasta wa kansa ƙasumba. Ɗan gemun haɓa kaɗai ma yana da kyau.

Ni na taɓa kai hoton wani ɗan ƙwallo wurin mai askina a Kawo, ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, wannan ba irin gashinka ba ne." Gaskiya ya faɗa.

Ka ce ya fara da kilifa, ya rage kaɗan-kaɗan, reza sai a ƙarshe wajen fitar da layi. Hunturun Kaduna kuma yana busar da gemu, a riƙa shafa man kaɗanya bayan wanka.