Yadda ake sa yaro Bayahude ya so addininsa a sansanin dogon hutu

A Amurka da zarar an yi dogon hutu, wajen Yuni zuwa Agusta, iyaye Yahudawa da yawa tattara yaransu suke su kai sansani can bakin tafki, wani sati biyu wani har sati takwas. To in so kake yaronka ya dawo yana jin daɗin zamansa Bayahude ba don an tilasta masa ba, ga yadda ake bi.

Fara duba gidanku kafin ka duba sansani. Camp Ramah da aka fara a Wisconsin a 1947 na ɓangaren Conservative ne, wato Yahudawa masu riƙe al'adun addini sosai, abinci kosher zalla, wanda dokar addininsu ta halatta, addu'a kowace safiya, Ibrananci har a sunan ɗakin cin abinci, chadar ochel suke ce masa. 'Yan Reform kuwa, wani ɓangaren na Yahudawa, a 1952 suka buɗe nasu na farko, shi ma a Wisconsin ɗin, su sun fi sassauci, ga jita ga waƙa. Yaron da bai taɓa ganin an ajiye waya ranar Asabar, ranar hutun ibadar Yahudawa, a gida ba ka kai shi inda ake tsanantawa, ai wasiƙar "ku zo ku ɗauke ni" kawai za ka yi ta samu.

Akwai tsada gaskiya, amma gidauniyar Foundation for Jewish Camp tana da tallafin kuɗi mai suna One Happy Camper ga mai zuwan farko, ka nema da wuri.

Wajen haɗa jaka kar ka manta fararen kaya, don a sansanoni da yawa su ake sawa yammacin Juma'a don tarbar ranar hutun Asabar, yara ɗaruruwa sun yi wanka sun fito fes, a kunna kyandir a gutsura burodin challah sai waƙa ta ɓarke ana bubbuga tebur har kwanuka na tsalle, kuma ni a ganina nan ne abin yake kama zuciyar yaro, don wanda ke ja gaba ba malami ba ne mai furfura, ɗan jami'a ne da yake kwana ɗaki ɗaya da su.

In ya dawo kar ka tsare shi da "me ka koyo". Sayi kyandir mai kitso da ɗan kayan ƙamshi, ranar Asabar da daddare in taurari uku sun fito ka kashe fitila ka ce ya yi muku havdalah, addu'ar rufe ranar hutun, yadda suke yi a bakin tafki, ko ya yi kuskure ka ƙyale shi ya kai ƙarshe.