Yadda Ake Ɗaukar Hoton Hasken Arewa a Daren Babbar Guguwar Rana

Hasken arewa, wanda masana ke kira orora, yana bayyana ne idan ƙwayoyin lantarki da rana ta feso suka shigo sararin samaniyar duniya ta wajen ƙuryar arewa ko ta kudu, suka yi karo da iskar da ke can sama. Iskar oksijin ce ke bayar da koren launi a tsayin kilomita 100 zuwa 150 ko makamancin haka, ita ce kuma ke bayar da ja idan aka haura kilomita 200, yayin da shuɗi da shunayya ke fitowa daga naitirojin. A darare na yau da kullum sai an je wurare irin su Tromsø a Norwe, ko Abisko a Suwidin, ko Fairbanks a Alaska, tsakanin watan Satumba da Maris, kafin a gan shi. Amma a daren 10 ga Mayu, 2024, da guguwar rana ta kai matakin G5, wato mafi tsanani a ma'aunin irin wannan guguwa, a karon farko tun 2003, an ɗauki hotonsa a kudancin Ingila da Jamus, har ma da Florida da Meziko. Najeriya da Nijar sun yi nisa ƙwarai da zagayen da hasken ke bayyana a kewayen ƙuryar arewa, saboda haka wannan bayani ya fi amfanar mazauna Turai da Kanada da Amurka, da masu tafiya can.

Abu na farko shi ne sanin lokacin fita. Idan rana ta yi aman wuta ta watso gajimaren ƙwayoyinta zuwa duniya, yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ya iso, kuma cibiyar hasashen yanayin sararin samaniya ta hukumar NOAA da ke Boulder a Amurka takan yi gargaɗi tun da wuri. Mutane da yawa suna zuba ido a kan ma'aunin Kp, wanda ke nuna ƙarfin girgizar maganaɗisun duniya daga 0 zuwa 9, alhali shi awo ne na sa'o'i uku uku, yana ba da labarin abin da ya riga ya wuce. Wanda ya fi amfani ga mai kyamara shi ne adadin Bz, wato inda maganaɗisun ƙwayoyin da ke kwararowa daga rana ya karkata. Taurarin ɗan adam da ke nisan kilomita kusan miliyan ɗaya da rabi daga duniya ne ke auna shi, don haka sukan ba mutum sararin minti goma sha biyar zuwa sa'a guda. Idan Bz ya faɗa ƙasa da sifili sosai ya kuma daɗe a can, to lokacin ɗaukar kaya ya yi.

Batun wuri ba shi da wuya: a yi nisa da fitilun gari, a duba hasashen gajimare, a nemi fili mai buɗaɗɗen sarari. Sai dai a tuna cewa babbar guguwa tana tura zagayen hasken zuwa kudu, ta yadda wanda ke can arewa mai nisa zai iya samunsa a bisa kansa ko ma a bayansa. Duk wanda ya kafa kyamara ya fuskanci arewa kaɗai yana iya rasa mafi kyawun abin da daren ya zo da shi.

Saitin kyamara ne wurin da ya kamata a natsu. A ɗora ta a kan madogara mai ƙafa uku, a sa gilashi mai faɗin gani kamar na milimita 14 zuwa 24, a mayar da komai saitin hannu, a buɗe idon gilashin har f/2.8 ko fiye idan zai yiwu. Kada a bar kyamara ta nemi daidaiton gani da kanta, domin a cikin duhu kai-komo kawai za ta yi ta yi. A zaɓi tauraro mai haske, a ƙara girmansa a allo, a murɗa zoben a hankali har ya zama ɗigo ƙarami, sannan a bar shi haka. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 1600 zuwa 3200 da buɗewar daƙiƙa biyar zuwa goma sha biyar, kuma ta dace da haske mai rauni wanda ke kwance a gefen sama. A daren babbar guguwa kuwa wannan shawara tana iya ɓata hoto, saboda hasken yana da ƙarfi kuma yana gudu, ginshiƙansa suna sauya wuri cikin ƙiftawar ido. Idan aka bar ido a buɗe daƙiƙa goma, sai layukan su narke su zama kamar koren fenti da aka shafa a bango, wurare masu haske kuma su ƙone su yi fari. Da zarar ya fara rawa, a sauko zuwa daƙiƙa biyu, ko ɗaya, ko rabinta, a ɗaga ISO idan hoton ya yi duhu. A ra'ayina, hoto mai ɗan tsakuwa, wato ɗigo-ɗigon da ɗaga ISO ke kawowa, wanda ya kama siffar hasken ya fi mai santsi wanda ya rasa ta, tunda tsakuwar tana raguwa a wajen gyara, siffar da ta ɓace kuwa ba ta dawowa.

A ajiye hotuna a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, a sa ma'aunin launi wajen 3500 zuwa 4000 Kelvin, a kuma kunna jinkirin daƙiƙa biyu domin taɓa maɓalli kada ya girgiza kyamara. Allon kyamara yana yaudarar ido a cikin duhu, yana nuna hoto ya fi yadda yake haske, don haka a rage haskensa a riƙa duba jadawalin haske na hoton. Yana da kyau a shigar da bishiya ko tafki ko dutse a ƙasan hoton, domin mai kallo ya gane girman abin.

Wanda ba shi da babbar kyamara kada ya karaya. Wayoyin zamani masu tsarin ɗaukar dare sun ɗauki hotuna masu kyau a Mayun 2024, muddin an jingina wayar da abin da ba ya motsi kuma an kashe filashi. Hasali ma waya tana taimakawa wajen gano hasken, domin abin da ido ke gani kamar farin hazo sau da yawa yakan fito ja ko kore a allonta.

Sanyi yana cinye batir da sauri, saboda haka a ajiye na ƙari a aljihun ciki kusa da jiki, a kuma yi amfani da tocila mai jan haske don kada a dame idon sauran masu kallo. Idan hasken ya lafa kada a yi gaggawar tafiya, domin yakan sake ɓarkewa bayan sa'a ɗaya ko biyu. Kafin a shiga ɗaki mai ɗumi, a cire katin hotuna, a rufe kyamara a cikin jaka ko leda, a bar ta ta ɗumama a hankali don kada raɓa ta taru a cikin gilashinta.