Kurakuran da aka fi yi da sabuwar bindigar wasan harbi

Yawancin bindigogin da ake yanke wa hukunci a ranar farko cewa ba su da saiti, ba su da laifin komai. Mai ita ya ciro ta daga kwali, ya ɗora madubin hangen nesa na saiti cikin ɗoki, ya harba harsashi goma, kowanne ya kama gabansa, sai ya fara shawarar mayar da ita. In aka bi diddigi, ɓarnar ta faru ne tun a kan tebur, wani lokaci ma tun ranar da aka ga madubin mai araha a intanet.

Kafin harbin farko

Masana'anta na shafa wa bindiga mai ko giris mai kauri don kada ta yi tsatsa a ajiya. Man ajiya ne, ba na aiki ba. Idan ya rage a bututu ko a mazaunin harsashi, yana ƙara matsin iska lokacin harbi, kuma harsasan farko sai su watse. Ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka zare sakata, wato ƙarfen da ke rufe harsashi ta baya, ka tura ƙyalle mai maganin wanki, sannan busassu har sai na ƙarshe ya fito fes. Ka ɗaga bututun wajen haske ka leƙa, ka ga babu abin da ya tokare.

Ta baya ake tura sandar wanki, ba ta baki ba, muddin ƙirar bindigar ta ba da dama. Leɓen bakin bututu shi ne wuri na ƙarshe da harsashi ke taɓawa. Da sanda ta ɗan ci gefe ɗaya, iskar da ke bin harsashin ba za ta fita daidai ba, sai ta ture shi. Ƙwarzanen da ido bai cika gani ba ya isa ya buɗa harbi a mita 100.

Sunan harsashin da aka yi wa bindigar yana hatimce a jikin bututu, kuma shi za ka bi, ba maganar mai sayarwa ba. Wai harsashi ya shiga ya zauna, wannan ba hujja ba ce. Na 5.56 na shiga mazaunin .223 Remington, amma matsinsa a can yakan wuce abin da aka tsara. Na .22 LR na shiga mazaunin .22 WMR ya yi sako-sako, kwanson ya tsage. Mafi muni, .300 Blackout na iya zama a bindigar 5.56, kuma harbi ɗaya ya isa ya farfasa ta a hannun mai ita.

Ɗora madubi

A nan aka fi yin ɓarna. Jikin madubi yakan zo da kaurin inci ɗaya, wato milimita 25.4, ko milimita 30, wasu 34. Zoben da zai riƙe shi dole ya zama na wannan awon. Haka dandamalin da zoben ke hawa, akwai irin Picatinny da irin Weaver: ramukan Picatinny sun fi na Weaver faɗi, saboda haka zoben Weaver yakan hau Picatinny, amma na Picatinny sau da yawa ba ya shiga Weaver. Ƙananan bindigogin .22 da na iska kuma suna da tsagi na milimita 11 ko na inci 3/8, waɗanda suka yi kama a ido amma ba ɗaya ba ne.

Sai ɗaurin sukuru. Mutane na ɗaurewa har sai hannu ya gaji, suna ganin ƙarfi shi ne inganci. Jikin madubi alminiyom ne marar kauri. Idan zobe ya matse shi, kayan cikin da ke motsa layin saiti sai su cije, ka juya majuyin gyaran saiti ka ji ƙas ƙas amma harbi bai gusa ba. Yawancin masu ƙera zobe suna ba da inci-fam 15 zuwa 18, wato awon ƙarfin ɗauri, ga sukurorin sama. Ka duba takardar naka, ka sami sukurudireba mai awon ƙarfi. Ka riƙa ɗaurewa kaɗan kaɗan, wannan kusurwa sannan ta gicciye, har giɓin da ke gefe biyu na zoben ya zo daidai. Kafin nan ka goge mai daga ramukan sukuru, don sukuru mai maiƙo yana matsewa fiye da abin da awo ya nuna.

Kada ka ɗaure gaba ɗaya sai ka sa bindigar a kafaɗa yadda za ka yi harbi, da madubin a ƙarshen ƙarfinsa na kusanto da hoto. Ka ja shi gaba ko baya har hoton ya cika babu baƙin da'ira a gefe. A bindiga mai naushi, wato mai dukan kafaɗa da ƙarfi lokacin harbi, tazarar ido da madubi ta kai santimita 8 zuwa 10. Wanda ya matso da shi kusa, gefen madubin zai sare shi a gira. Ka kuma rataye zare mai nauyi a ƙasa a ɗan nesa, ka daidaita tsayayyen layin madubin da shi, bindigar tana zaune sak. Layin da ya karkata yana kai harbin nesa gefe.

Mai bindigar iska ta sifirin ya kula: naushinta gaba da baya yake yi, kuma yana kashe madubin da ba a yi shi don ita ba, ko da mai tsada ne.

Gyaran saiti

Kuskuren farko shi ne farawa daga mita 100. Harsashi ya wuce takarda, ba ka san ta ina ya bi ba. Ka fara a mita 25 da babbar takarda. Idan sakata na zaruwa, ka kafa bindigar a kan buhun yashi, ka leƙa ta cikin bututu har ka ga tsakiyar takardar, sannan ka juya majuyi layin madubi ya zo wurin ba tare da bindigar ta motsa ba.

Na biyu shi ne bin harsashi ɗaya ɗaya: a harba, a juya, a harba, a juya. Harsashi ɗaya ba ya gaya maka komai. Ka harba uku, biyar ma sun fi, ka nemo tsakiyar tarin, daga nan ka auna. MOA da mil awon kusurwa ne da ake rubutawa a majuyi: madubin da aka rubuta wa 1/4 MOA yana gusar da harbi kimanin milimita 7 a mita 100 da kowane ƙas, mai 0.1 mil kuma santimita ɗaya. A mita 25 sai ka ninka ƙas ɗin sau huɗu. Idan tarin ya sauka santimita 3 ƙasa a mita 25, ƙas 17 kake bukata a madubin 1/4 MOA, ba huɗu ba. Mutane da yawa a nan suke cewa madubi ya lalace.

Katakon gaba ake ɗorawa a kan buhu, ba bututun ba, don bututu na karkarwa lokacin harbi kuma duk abin da ya taɓa shi yana canja inda harsashi zai sauka. Siririn bututun farauta yana zafi da wuri. Bayan harbi uku zuwa biyar ka ba shi mintuna ya huce. Ka gwada harsashi iri uku ko huɗu kafin ka ce komai, musamman a .22 LR mai zaɓen abinci, kuma in ka canja iri ka ba ta harbi goma zuwa ashirin ta saba. A .223, bututu mai murɗin 1:12, wato tsagin cikinsa na yin zagaye ɗaya a inci 12, yana son harsashi marar nauyi kamar giren 55 (giren awon nauyin harsashi ne), masu nauyi kamar giren 77 sai murɗin 1:8 ko 1:7. Ramin da ya fito dogo a takarda alama ce harsashin yana tuntsurawa.

Toshe kunne da tabarau ba a barinsu ko da harbi ɗaya ne. Idan ka ja kunama ba ta tashi ba, ka bar bakin yana kallon wurin harbi na aƙalla daƙiƙa 30 kafin ka buɗe. Idan ƙarar ta fito a raunane, ka tsaya ka leƙa bututu, wataƙila harsashi ya maƙale. Kuma ka san abin da ke bayan takardarka, don ɗan .22 LR yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi.

Neman araha a intanet

Bindiga ba waya ba ce da za a ajiye maka a ƙofar gida. Ka mallaki lasisin da dokar ƙasarka ta tanada, cinikin kuma ya bi ta hannun dila mai rajista. Duk wanda ya ce zai aiko maka babu takarda, ko ɗan damfara ne ko mai jefa ka a laifi. Facebook ma ya haramta cinikin bindiga tsakanin ɗaiɗaikun mutane tun 2016, don haka tallar da ka gani a can abin zargi ce tun daga tushe.

A madubi aka fi cin kasuwar jabu. Ana kwaikwayon Leupold, Trijicon da EOTech har da kwali da tambari. Na jabu yakan yi kyau a hannu, sai naushin harbi ashirin ya zubar da saitinsa, mai shi ya ɗora wa bindiga laifi. Araha ba ta ado. Ka nemi lambar jikin madubin ka tambayi kamfanin kafin ka biya. Ka sa mai sayarwa ya ɗauki sabon hoto da takarda mai kwanan watan ranar a gefe. Wanda ya dage sai katin kyauta, kuɗin kirifto ko turawa kai tsaye da ba a iya dawo da ita, ka bar masa kayansa.

A harsashi, ka haɗa farashinsa da kuɗin aikowa da na dila, ka raba da yawan harsasan, sannan ka kwatanta. Rangwame da yawa a nan yake narkewa. Kada ka sayi wanda wani ya sake ɗurawa a gida, ba ka san awon albarushin da ya zuba ba. Tsofaffin harsasan rarar soja kuma wasunsu na barin gishiri mai cin bututu, sai an wanke da ruwa a ranar, a busar, a shafa mai.

Idan ka yi duk wannan kuma sakata na cijewa bayan harbi, ko kwanso na fitowa a tsage ko a kumbure, ko bindigar ta tashi makullin kariya yana rufe, to laifin nata ne. Ka daina harbi, ka adana kwansunan da takardun da ka harba, ka mayar wa dila da su. Kada ka sa zarto a kunama ko ka kwance abin da littafin bai ce ka kwance ba, don da ka taɓa, garanti yakan faɗi.