Darasi na 7: Yunwar Ciki da Yunwar Zuciya

Ba kowace yunwa ce ke tasowa daga ciki ba. Mace za ta ci tuwo ta ƙoshi bayan magariba, amma da sun sami saɓani da maigida, sai ga hannunta a robar cincin. Tana ci, ko ɗanɗanonsa ba ta ji. Roba ta kai rabi, ɓacin ran yana nan daram, ga kuma jin haushin kai.

Yunwar ciki a hankali take zuwa. Ciki ya yi ƙugi, ko ɗumame aka ba ka za ka ci. Yunwar zuciya kuwa farat ɗaya take faɗowa, kuma tana da zaɓe: fanke, alawa, lemon kwalba.

Idan damuwa ta daɗe, jiki yakan yawaita fitar da sinadarin kotisol, wanda ke ƙara sha'awar zaƙi da maiƙo. Mutum ya ci, ransa ya ɗan yi sanyi, ƙwaƙwalwa ta riƙe wannan hanya, gobe ta sake nema. Rashin isasshen barci ma yana ƙara abin. Shi ya sa gori ba ya magani. Wanda aka kira haɗamamme, an ƙara masa damuwar da ke kai shi ga ci ne.

Kwalbar lemo mai santilita 35 takan ƙunshi sukari kusan cokalin shayi 9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin cokali 12 na sukari a wuni, 6 ma ya fi.

Kafin loma ta kai baki, ku dakata ku tambayi kanku: yaushe rabona da abinci? Me ke damuna? Ku ambace shi, fushi ne, kaɗaici ne, ko tunanin bashi. Manzon Allah (SAW) ya ce mai fushi in yana tsaye ya zauna. Ku zauna, ku sha ruwa, ku jira minti 10. In har yanzu kuna so, ku zuba a ƙaramin kwano ku ci a nitse, domin ƙoshi yakan ɗauki kamar minti 20 kafin a ji shi.

Wanda ke ci a ɓoye har cikinsa ya yi ciwo, ko yake sa kansa amai bayan ci, ya je asibiti, musamman mai ciwon sukari.

Aikin gida: kwana 7, ku rubuta lokaci, abin da kuka ci, da abin da ke ranku kafin ku ci. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya nemi ɗan aji ya taya shi.